Daren Lahadi a Tudun Valparaíso

Na shimfiɗa kwat ɗin Goggo Herminda a kan tebur,
dutsen guga yana huci kamar tsohuwar kyanwa.
Hannun rigar ya fi nawa tsawo.
Na naɗe shi ciki, na kafe da allura,
ba mai gani sai wanda ya zo neman aibi.

Gobe, takwas da rabi, titin Prat, hawa na shida.
Sun ce ki zo da baƙin biro da katin shaida,
kada ki makara, kada ki sa turare mai ƙarfi.
Ba su ce komai ba a kan ƙarnin kifi
da ya kama bangon gidanmu tun ban zo duniya ba.
Na dai wanke kaina sau biyu.

Can ƙasa tashar jiragen ruwa ba ta barci.
Ƙugiyoyi suna ɗaga kwantena kamar kwalin ashana,
fitilunsu na rawa a silin ɗakina.
Na haddace sunayen manyan ofishin.
Na gwada murmushi a madubi har kumatuna suka gaji.
Na faɗi sunana sau goma,
Rayén Huenchumán,
daki-daki, don kada su guntule masa wutsiya
yadda malaman makaranta suka saba.

Baba yana bakin ƙofa, takalmana a cinyarsa.
Da hagu yake goge su,
don yatsu uku suka rage masa a dama.
Biyun igiyar ƙarfe ta tafi da su
a shekarar da na fara haƙori.

Ya ce, ɗauko gwangwanin biskit.

Ƙarƙashin rasit ɗin wuta da hoton aurensu
akwai takarda da tsufa ya rina.
Na warware ta a hankali, kada ta rabe.
Tambarin da ke samanta
shi ne a wasiƙar da ta kira ni gobe:
sikeli ɗaya, sunaye uku a jere,
har ɗigon da ke ƙarshensu bai canja ba.

Shafi huɗu ne.
Sakin layi na tara ya ce
ya karɓi abin da aka ba shi,
ya yafe saura har abada.
Ga sa hannunsa a ƙasa, a karkace,
hagu tana koyon rubutu
a ranar da babu lokacin koyo.

Shekara huɗu ina karatun doka
kafin na iya karanta mahaifina.

Na ce, ba za ni ba.

Bai ɗago ba.
Ya hura wa takalmin iska, ya bi shi da tsumma.
Ya ce, ranar nan ba wanda ya yi mini ƙarya.
Har kofi suka ba ni, a ƙaramin kofi mai fure.
Sauri kawai suka yi wajen karantawa.
Ki je ki koyo saurin nasu,
ki dawo ki karanta mana a hankali.

Guga ta huce. Na sake kunna ta.
Mama ta naɗe burodi da fiya a takarda,
ta ce kada in ci a gaban mutane, in nemi benci.
Agogo na kan shida saura kwata,
don tsohon keken igiyar da ke saukar da mu daga tudu
yana aiki ne in ya ga dama,
matakalar kuwa ɗari biyu da sittin ce,
na ƙirga su da sabon takalmi a zuciya.

Na ninke takardar nan huɗu,
na sa ta a aljihun ciki.
Da na gwada kwat ɗin karo na ƙarshe
allura ɗaya ta soke ni a wuyan hannu.
Na bar ta a wurin.